Wandon Cikin Ciki

Shekara talatin da ɗaya ina taka keken ɗinki a Agege,
ƙafar daman nan ita ke ci da gidana.
Bana sai ta soma yi mini gardama:
daga bakin shago zuwa masallacin Juma'a
sai na tsaya sau huɗu,
ina yi kamar ina taya kaya.

Sha-raɓa ya ɗaure tamau kamar bakin buhu.
Da dare yatsu su yi sanyin kifin ƙanƙara,
sai na zuro ƙafar ƙasa daga gado
kafin barci ya yarda da ni.

A Idi-Araba, Dakta Oyelaran ta ɗaga hoto sama.
Ta ce, "Baba Tanimu, ka san Oshodi ran da aka yi ruwa?
To haka mararrabar jijiyarka take.
Kara nawa kake sha a rana?"
Na ce ban taɓa ƙirgawa ba.
Ta ce, "Jijiyar ta ƙirga."

Ta jawo aljihun tebur, ta miƙo mini wani abu fari,
ƙugu ɗaya, ƙafa biyu.
Wallahi wando ne, wandon 'yar tsana!
Na juya shi, na ja, na nemi bakin zare, ban samu ba.
"Shi za mu ɗinka maka a ciki,
jini ya bar cunkoso, ya bi ratse."

Hanya biyu ce, in ji ta.
Ko a tsaga daga ƙasan ƙirji a wuce cibiya,
ido ya gani, hannu ya taɓa,
ka kwana da yawa a gadonmu,
tari ma sai ka rungumi matashi.
Ko kuwa 'yan huji kamar gidan maɓalli,
a zura fitila da dogon almakashi,
ana kallon allo ana ɗinki.
Aikin ya fi jan lokaci, tashin ya fi sauri.
In ya ƙi, dole dai a buɗe.

Na yi shiru. Ai duka biyun na sani.
Na sha farke shafin riga tun daga wuya
don in kai ga ɓarnar da ke ciki.
Na kuma taɓa gyara aljihun kwat
ta ƙofar da yatsa biyu ba sa shiga,
mai ita bai ga tabo ba har yau,
amma ni na san gumin da na yi.

Tasalla na gefe tana lissafi a waya,
kuɗin gado, kuɗin jini, hayar shago ta watan gobe.
Ba ta ɗago ba. Na ga leɓenta na rawa.

Na ce, "Likita, ki yafe wa tsohon tela.
Ba allura nake tambaya ba, hannu nake tambaya.
Wanne naki ya fi sabawa da shi?"
Ba ta ji haushi ba, har ta yi dariya.
"Na tsagawa na daina ƙirga.
Na hujin, sha tara."

A danfo, ruwa na dukan gilashi,
na miƙa wa kwandasta kwalin tabata.
Ya ɗauka canji nake nema, ya hau ni da faɗa.

Talata za a yi. Na zaɓi doguwar tsaga.
Tasalla ta ce tsoron sabon abu ne, irin na tsofaffi.
Wataƙila.
Ni dai ban taɓa ba yaro shaddar biki ba
sai na ga hannunsa a kan yadin makaranta.

Daren nan na rufe keke da tsohon zane,
na ɗiga masa mai, na sassauta bel.
Na shafa ƙafar, sanyi ƙalau, na ce ki ƙara haƙuri,
akwai kaftani bakwai da na karɓi kuɗinsu.
Kuma in na farka, zan roƙi madubi
in ga ko layinta ya miƙe.